Na tarar da fim ɗin soyayyar namiji da namiji a wayar ɗana, me shari'a ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Ɗana mai shekara 16 ya bar wayarsa a caji a ɗakina, ƙanwarsa ta ɗauka, sai ga wani fim na Amurka. Labarin wani ɗan sakandare ne da yake son namiji ɗan'uwansa, yana ta ɓoyewa, daga ƙarshe ya faɗa wa iyayensa suka rungume shi. Da na tambaye shi, ya ce wurin masu tura fina-finai aka haɗa masa shi da wasu. Baffansa ya ji, ya kira shi ɗan luwaɗi a gaban yara, ya ce sai ya lakaɗa masa duka an kai shi gidan mari. Mahaifinsa ya yi tafiya. Yau kwana uku yaron bai ci abinci tare da mu ba. Mene ne hukuncin kallon fim ɗin, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sanyaya miki zuciya, 'yar'uwa. Tambayarki ta ƙunshi hukunci biyu, na fim da na yaro, kuma baffansa ya cakuɗa su.

Na fim ba mai tsawo ba ne. Saduwar namiji da namiji haramun ce, babu saɓani tsakanin malaman mazhabobi huɗu, kuma ƙissar mutanen Annabi Luɗu (AS) tana nan a Suratul A'araf, aya ta 80 da ta 81. Fim ɗin da aka tsara don mai kallo ya ga wannan alaƙa abin so ce, bai halatta Musulmi ya zauna kallonsa don nishaɗi ba. Allah Ya umurci muminai maza su runtse idanunsu a Suratun Nur, aya ta 30. Irin wannan fim ba da hujja yake kama mutum ba. Da tausayi yake kama shi: a nuna maka yaro mai kirki cikin kaɗaici, a sa kiɗa mai taushi, har ka ji kana roƙon buƙatarsa ta biya. A goge fim ɗin. Masu tura fina-finai a waya su ma su ji tsoron Allah, su san abin da suke zuba wa 'ya'yan mutane a memori.

Sai yaron, kuma a nan nake so ki natsu. Kallon fim zunubin kallo ne. Ba shaida ba ne cewa ya aikata wani abu, ba ma shaida ba ne a kan abin da ke ransa. Yaran yanzu ana tura musu fina-finai ashirin a lokaci guda, wani son sani ke sa shi buɗewa. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Ba a cire 'ya'yanmu daga wannan aya ba.

Maganar da baffansa ya yi kuwa ta fi kallon fim ɗin nauyi a ma'aunin fiƙihu. A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, an faɗa a sarari cewa wanda ya ce wa mutum "kai ɗan luwaɗi" ana yi masa haddin ƙazafi, kuma a mazhabar Malikiyya ko da habaici ya yi, haddin yana hawa kansa. Bulala 80 ce, kamar yadda ta zo a Suratun Nur, aya ta 4. In yaron ya balaga, wannan hukunci ya shafi mai jifan sa, sai dai alƙali ne kaɗai ke tsayar da haddi. Ban kawo wannan don a kai baffa kotu ba. Na kawo ne don ya san kishin addini bai ba shi izinin ɓata sunan ɗan ɗan'uwansa ba. Ya tuba, ya janye maganar a gaban yaran da suka ji ta, tun ba ta fita ƙofar gida ba. Kin san garinmu, kalma irin wannan in ta manne wa yaro a makaranta, har ranar neman aurensa tana biye da shi.

Gidan mari kuma, ina roƙon ki don Allah kada ki yarda. Mutanen jihar nan ba su manta watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da nan Katsina, aka fito da matasa da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, wasunsu suna ba da labarin an yi lalata da su a ciki. Iyaye sun kai 'ya'yansu neman gyara, aka jefa su cikin abin da ake gudu.

To, a ce abin da kike tsoro gaskiya ne, yaron yana jin wani abu a zuciyarsa. Shari'a ta raba abin da zuciya ke ji da abin da gaɓɓai suka aikata. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Wanda aka jarrabe shi da wata sha'awa ya kame kansa don Allah, lada yake samu, kuma Musulmi ne cikakke, ɗanki ne cikakke. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wani saurayi ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana neman izinin zina. Jama'a suka taso masa. Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, sannan ya ɗora masa hannu ya roƙa masa gafara da tsarkin zuciya. Wannan da bakinsa ya nemi alfasha, bai sha ko mari ɗaya ba.

Shekarun baya wani matashi mai irin wannan jarrabawa ya taɓa tsayawa bayan karatun la'asar, har kowa ya watse daga zaure. Ya daɗe yana murza gefen tabarma da yatsa kafin ya iya magana. Abin da ya fara tambaya ta shi ne ko sallarsa tana karɓuwa. Tun daga ranar nake cewa abin da ya fi ba ni tsoro a kan irin waɗannan yara shi ne su yanke ƙauna daga rahamar Allah da ta iyayensu. Fim ɗin nan ya nuna wa ɗanki gidan da ake sauraron yaro. In ya waiwaya nasa gidan ya ga bulala kawai, wurin baƙi na intanet zai kai damuwarsa, kuma a cikinsu akwai masu farautar yara.

Kwana ukun da ya yi ba ya cin abinci da ku ya fi damu na a duk wasiƙarki. Yau da dare ki kai masa tuwonsa da hannunki, ki zauna, ku biyu kaɗai. Ki gaya masa fim ɗin bai dace ba kuma kin goge, sannan ki gaya masa babu abin da zai sa ki daina zama uwarsa. Kada ki titsiye shi sai ya yi iƙirari, shari'a ba ta ɗora miki wannan ba. Amma ki tambaye shi a hankali ko akwai wani babba da ke ba shi kuɗi ko kyauta, ko yake taɓa shi. In akwai, ɗanki abin zalunta ne, kuma wajibi ne a kai mutumin gaban hukuma. In kin ji yana ambaton gara ya mutu, ko zai bar gida, kada a bar shi shi kaɗai, a gaggauta kai shi wurin likita.

Mahaifinsa kuma ki kira shi da kanki kafin labarin ya riske shi ta bakin baffa, ki karanta masa wannan amsa in kin ga dama.

Wallahu a'alam.