Tambaya da Amsa: Wace Manhajar Riga-kafi Ta Dace da Kwamfutar Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi a Nima, cikin Accra. Bara na saya wa yarana kwamfutar cinya ta hannu a wani shago da ke Circle saboda karatunsu, kuma a cikinta babbar 'yata take rubuta min lissafin masu bashi. Tun watan jiya wani jan rubutu yake fitowa kullum, yana cewa wa'adin antibairos ya ƙare, sai na biya da kati. Ɗan maƙwabcinmu ya ce in bari ya sa min guda biyu na kyauta, wai biyu sun fi ɗaya tsaro. Shin na kyauta yana aiki da gaske, ko dole sai na biya? Daga wata Hajiya, Nima.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a. Kada ki biya ko sidi ɗaya tukuna, domin idan kwamfutar tana aiki da Windows 10 ko Windows 11, to akwai manhajar riga-kafi a cikinta tun daga kamfani, wadda ake kira Microsoft Defender, kuma ba ta da kuɗin wata balle na shekara. A da masu gyara suna raina ta, kuma suna da hujja a wancan lokaci, amma shekarun nan ta canja ƙwarai. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da aikinsu shi ne gwada irin waɗannan manhajoji, wato AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, kuma a gwaje-gwajensu Defender tana zuwa kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake sayarwa da tsada. Ga gidan da ake karatu, ana rubuta lissafi, ana kallon wa'azi da labarai, ta wadatar.

Ki sa 'yarki ta duba ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo, za ta ga ɗan hoton garkuwa. Idan ta taɓa shi, shafin Windows Security zai buɗe, kuma abin da ake so a gani shi ne alamar kore a kan kowane sashe. Defender takan janye ta kwanta idan aka ɗora wata manhajar riga-kafi a kanta, saboda haka sai a shiga jerin manhajojin da ke kwamfutar a cire waccan da wa'adinta ya ƙare, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, ita kuwa za ta tashi da kanta ta kama aiki.

Game da jan rubutun nan, iri biyu ne, kuma wajibi ne a bambance su. Na farko na gaskiya ne: manhajar gwaji ce da aka ɗora, galibi ta kwana 30, wa'adi ya cika tana neman kuɗi. Na biyu kuwa tarko ne. Wani shafin intanet ne da yaro ya ba izinin aiko da sanarwa ba da saninsa ba, sai ya riƙa fitowa da tambarin sanannen kamfani yana cewa an kama ƙwayoyin cuta biyar ko goma. Wannan ba ya tafiya ko da an cire manhaja, sai an shiga saitunan Chrome an toshe sanarwar shafin. Kowanne ne daga cikinsu, kada a rubuta lambar kati ko lambar sirrin MoMo (asusun kuɗi na waya) a wurin da ya fito da kansa yana tsoratar da mutum. Idan har an riga an rubuta, a kira banki ko kamfanin waya nan take, sannan a kai ƙara ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2020, ta lambarta 292.

Shawarar ɗan maƙwabcinku da kyakkyawar niyya ya ba da ita, amma kuskure ce. Manhajar riga-kafi tana shiga can cikin ƙashin Windows ne, tana tare kowane fayil kafin ya buɗe, to idan suka zama biyu, kowacce sai ta riƙa binciken abin da 'yar'uwarta ta taɓa, wani lokaci ma ta ɗauke ta a matsayin ɓarauniya. Na sha karɓar kwamfutar da mai ita ya rantse ta tsufa, fankarta tana kuka, ƙasanta da zafi kamar dutsen guga, ana kunna ta sai a sha shayi kafin ta buɗe. Da na cire manhajoji biyu daga cikin ukun da ke ciki, sai ta koma tamkar sabuwa. Idan ana son mai duba na biyu, akwai Malwarebytes na kyauta, wanda bayan kwanakin gwajinsa ba ya gadi dare da rana, sai lokacin da aka ce ya bincika, shi ya sa ba ya rigima da Defender. Sau ɗaya a wata ya isa.

Wanda ya fi son wata manhajar daban yana da zaɓi, kuma ba zan ce ba su da kyau ba. Bitdefender na ƙasar Romaniya yana da na kyauta mara yawan surutu, haka nan Avast da AVG da Avira suna kama ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Sai dai ya kamata a san cewa waɗannan uku na ƙarshe yanzu gida ɗaya suke: Avast ya sayi AVG a 2016, kamfanin da ke da manhajar riga-kafi ta Norton ya sayi Avira, sannan a 2022 suka haɗe a ƙarƙashin kamfanin Gen Digital. Kuma kyautar tasu tana zuwa da talla, kullum ana nuna wa mutum matsalar da sai ya biya za a gyara. Akwai abin da ya fi talla nauyi. A watan Janairun 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajar ke ziyarta, aka rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗora wa kamfanin biyan dala miliyan 16.5. Wannan ne dalilin da ya sa nake fifita abin da ya zo tare da Windows: wanda ya riga ya amince da Microsoft a kan kwamfutarsa bai ƙara wani baƙo a ɗakinsa ba. Kaspersky na Rasha ma ƙwararre ne wajen kama ƙwayoyin cuta, amma Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro. Hanin bai shafi Ghana ba.

Abin da ya fi damuna da kwamfutocin hannu, Hajiya, shi ne abin da aka yi musu kafin su iso gida. Wasu masu shago sukan cika su da manhajojin sata don su burge mai saye, kuma tun da Defender ba ta barin irin waɗannan su zauna lafiya, sai su kashe ta, ko su umarce ta da ta kau da kai daga wasu wurare. Daga baya kuma mutanen gida su dakatar da Windows Update saboda tsadar data. An kori maigadi ke nan, an kuma bar ƙofa a buɗe, sannan ana tambayar wane kwaɗo ya fi ƙarfi. Ki nemi mai gyara amintacce ya duba miki waɗannan abubuwa biyu, kuma ki ware 'yar data kowane wata don sabuntawa. Lissafin masu bashin nan kuwa, a riƙa kwafe shi duk ranar Juma'a a filash ɗin da ba ya fita daga gida, domin babu manhajar da za ta dawo da shi idan kwamfutar ta mutu ko aka sace ta.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗaliba ce a Madina. Na kai filash ɗina shagon buga takardu, da na dawo sai na ga duk fayilolina sun koma wasu 'yan hotuna masu kibiya a gefe, aikin makarantata bai buɗuwa. Ƙawata ta ce in sa Smadav. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, a mafi yawan lokuta aikinki yana nan, ɓoye shi aka yi. Wannan ƙwayar cuta tana lulluɓe fayilolin gaskiya ne, ta ajiye na bogi masu sunansu a fili, kuma da zarar an danna ɗaya, sai ta tsallaka cikin kwamfutar, daga nan ta bi kowane filash da aka soka. Saboda haka kada ki ƙara danna su. Ki soka filash ɗin, ki danna hotonsa da maɓallin dama, ki zaɓi a bincika shi da Microsoft Defender. Bayan an goge cutar, ki saita Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda take ɗauka nata ne. Idan hakan ya gagare ki, kowane mai gyara zai fito da su da umarni ɗaya da ake kira attrib, aikin da bai kai minti biyu ba. Ki kwashe su zuwa kwamfuta, sannan ki wanke filash ɗin gaba ɗaya.

Smadav antibairos ne daga Indunusiya, kuma ya yi suna a wajenmu ne saboda wannan matsala ta filash. Masu shi da kansu suna gabatar da shi a matsayin mataimaki, shi ya sa yake iya zama tare da Defender, amma kuskure ne a kashe Defender a dogara da shi kaɗai. Gaba kuma, ki riƙa tura wa mai shagon takardar ta imel ko WhatsApp, filash ɗinki ya zauna a jaka.

TAMBAYA: Malam, kwamfutar tebur ce da ni tun da daɗewa, Windows 7 ke cikinta, kuma lafiyarta ƙalau. Da ita nake rubuta takardun ƙungiyar masallacinmu. Wane antibairos na kyauta zan sa? Daga wani dattijo, Sabon Zango.

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba ita ka so ji ba: babu manhajar riga-kafin da za ta rufe ɓarakar da ke jikin wannan kwamfuta. Microsoft ya daina gyaran Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabunta kansa a cikinta a farkon 2023, don haka duk ramin da aka gano bayan nan yana nan a buɗe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa, alhali wata biyu kafin nan an fitar da gyaran ramin da ta bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Wancan lokaci akwai gyaran, yau kuwa babu mai aiko maka da shi. Windows 10 ma ta bi sahu, an rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsohuwar kwamfuta irin taka da wuya ta ɗauki Windows 11.

Hanya biyu nake gani. Idan rubutu da bugawa ne kawai aikinta, a raba ta da intanet baki ɗaya, kuma kada a soka mata filash ɗin kowa sai wanda aka bincika a wata kwamfutar. Idan kuwa ana bukatar intanet, a kwashe takardun ƙungiyar a ajiye, sannan a sa mata Linux Mint a madadin Windows, wanda kyauta ne, ba ya nauyi a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma yana zuwa da Firefox da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke yawo a filash an ƙera su ne don Windows, ba sa tashi a cikinsa. Kafin a goge komai, ka sa mai gyaran ya kunna shi daga filash, ya gwada na'urar buga takardunku a gabanka, ya tabbatar tana bugawa.