Farfelar tsohon injin kwale-kwale ta ƙi fita

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka kwance notin amma farfelar ta ƙi motsi, har kana tambaya ko ka sa mata guduma. Ajiye gudumar tukuna. A wannan aiki shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da farfela ke zaune a kai, da giyar da ke bayansa ake tsoro wa, don kuɗinsu ya ninka na farfela nesa ba kusa ba.

Abin da ya riƙe ta ba ɗauri ba ne. Ƙarafa ne iri biyu suka daɗe manne da juna cikin ruwa babu giris, sai wani farin gari ya cika tsakanin haƙoran shaf ɗin ya daskare kamar siminti. A ruwan gishiri abin ya fi muni.

Kafin komai cire wayoyin fulogi, don wasu injinan na iya tashi idan aka juya farfela. Sannan ka duba irin injinka. Ƙananan tsofaffin injina da yawa ba su da haƙora a shaf, wata 'yar ƙusa ce ta ratsa shi, wadda aka yi ta don ta karye idan farfela ta bugi dutse. Idan ta lanƙwashe a ciki, ita kaɗai ta isa ta hana farfelar fita. Juya farfelar kaɗan gaba da baya kana ja, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Idan mai haƙora ne, sai haƙuri. Ɗaga ƙafar injin yadda bakin shaf zai kalli sama, ka zuba man warware tsatsa ya kwanta a kan haƙoran. Bar shi ya kwana, ka ƙara, ya sake kwana. Mutane kan fesa, su jira minti 10, su ce man bai yi ba. Ina zai yi? Abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa. Tsakanin zubawa ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa gindin farfelar da katako ko gudumar roba, kana zagayawa, don girgizar ce ke buɗe wa man hanya. Kada ka doki fukafukan, lanƙwashewa za su yi.

Ka mayar da notin ka ɗaura shi sako-sako har ya yi daidai da bakin shaf. Yana kare zaren shaf ɗin da noti ke hawa, kuma ranar da farfelar ta saki ba za ta faɗo maka a ƙafa ba. Daga nan sa abin jan farfela, mai kama ta baya yana tura tsakiyar shaf. Ɗaure shi ya yi tauri, ka ƙwanƙwasa kan sukurunsa sau ɗaya ko biyu, ka bar shi a ɗaure ka tafi harkarka. Ni a wurina wannan ja na tsawon lokaci ya fi kowace dabara aiki. Abin da ba na so shi ne dukan shaf kai tsaye da ƙarfi, domin kowane bugu a kan boris da giya yake sauka. Haka ma cusa ƙarfe tsakanin farfela da gidan giya ana ɓanɓara: gidan alminiyum ne, tsagewa yake.

Zafi na taimakawa, saboda alminiyum ya fi ƙarfen shaf saurin buɗewa. Amma akwai roba a cikin cibiyar yawancin farfelun nan, bayanta kuma ga sil ɗin da ke tsare man giya. Tafasasshen ruwa ya wadatar a fara da shi. Idan ka kai ga wuta, ka san ka sallama farfelar, ka goge man da ka fesa, ka nisanta tankin fetur, ka naɗe gidan giya da jiƙaƙƙen tsumma. Alminiyum na narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka.

Wani lokaci farfelar za ta zame daga robar ta fito, ta bar bututun ciki manne da shaf. Kada ka damu, aiki ya yi sauƙi ma. Yanke robar, ka tsaga bututun a tsaye da zarto ko ƙaramar giranda, ka tsaya kafin ka taɓa haƙoran, sai ka buɗe tsagar da kurfi.

Bayan ta fita, lura da yadda washar baya take zaune kafin ka cire ta. A bayanta za ka iya tarar da zaren kamun kifi ya nannaɗe, kuma shi ke cin sil. Kwance sukurun ƙasa na gidan giya ka ga man giyar: idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, sai an canja sil. Goge haƙoran da burushin waya, ka shafa giris ɗin da ruwa ba ya wankewa, ba mai garin tagulla ba, don tagulla na ƙara cin alminiyum. Sa sabuwar ƙusar makullin noti, kada ka miƙe tsohuwar. In ka turo sunan injin da ƙarfin dokinsa, za a gane ko mai ƙusa ne ko mai haƙora.