Hukuncin kallon hawan sallah da cin abinci a waje

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. Ina so in kai iyalina kallon hawan sallah a filin Kangiwa da ke Katsina, daga nan mu biya gidan abinci. Abokina ya ce kallon hawa wasan banza ne, cin abinci a waje kuma zubar da mutunci. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, ka kai su, babu laifi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasan mashi a masallaci, Nana A'isha tana kallo ta bayan Manzon Allah (SAW), yana kare ta har sai da ta gaji don kanta. Hawan dawaki da jafi a ƙofar fada dangin wannan ne. Ka lura da cewa shi ya tsaya yana kare ta. To kai ma ka samo wa iyalinka gefe, kada ka cusa su cikin turmutsutsu, ka riƙe hannun yara don doki ba ya tambaya. Haƙƙin hanya kuma yana kanka: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama. In lokacin salla ya shiga ana tsakiyar hawa, salla ce gaba.

Maganar abokinka ta biyu tana da tushe. Malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutunci, amma sun rataya hakan ga al'adar gari. Wanda ya zauna a gidan abinci mai tsafta, abincin halal, babu giya a teburin, ba a kallonsa a Katsina ta yau a matsayin mara kamun kai.

Abin da ya fi damuna daban ne. Sau da yawa ina ganin magidanci ya sa an cika tebur da shinkafa da kaji don a gani, a ci rabi a tashi, ga almajirai a bakin ƙofa. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci, a sha, kada a yi ɓarna. Ku sa a kawo daidai cikinku, ragowar a ƙunshe muku. In girkin bai yi maka ba, kada ka daka wa yaron da ya kawo tsawa. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yaron nan yana tsaye tun safe ranar da kowa ke hutu, ka gode masa, in da hali ka ba shi goron sallah.

Wallahu a'alamu.