Me ya sa kafaɗa ke yawan gocewa?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa masu gocewar kafaɗa suka fi yawa a zauren ɗorin nan, alhali sai a daɗe ba a kawo mana wanda ƙugunsa ya goce ba. Ɗora hannunka a kafaɗata ka ji, zan ɗaga.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin dantse, allon kafaɗa, da siririn ƙashin nan da ya taso daga saman ƙirji. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, amma gurbin da yake zama a jikin allo ba shi da zurfi, kamar ka ɗora lemo a kan murfin kwalba. Na ƙugu kuwa rami ne sosai, ya haɗiye kan ƙashin cinya. Rashin zurfin gurbin kafaɗa shi ya sa hannu ke juyawa ta ko'ina, shi ya sa kuma yake saurin ficewa.

To me ke riƙe da shi? Tsoka. Akwai guda huɗu da suka taso daga allon suka rungume kan ƙashin ta gaba, ta sama da ta baya. Ta ƙasa, wajen hammata, babu mai tsaro sai jijiyoyi. Ka lura da waɗanda ake kawowa, ɗan acaɓan da ya faɗi a Kwangila ta Zariya ko mahayin da doki ya kayar ranar hawan sallah: galibi hannu na sama ne, ya karkata baya, sai kan ƙashin ya zame ta gaba. Za ka ga kafaɗar ta baje, tudunta ya ɓace, mutum na tallabe da gwiwar hannunsa.

Kada ka yi gaggawar ja. Fara shafa fatar gefen dantse daga waje ka tambaye shi ko yana ji, domin akwai jijiyar da ke zagaye wuyan ƙashin, gocewa na iya taɓa ta. Duba bugun jini a wuyan hannu, ka sa ya motsa yatsu. In wurin ya mutu, ko hannun ya yi sanyi, ko kana zargin karaya, musamman ga dattijo, ka tura shi asibitin koyarwa na Shika a ɗauki hoto. Ni ba na ganin wannan a matsayin kasawa. Mai ja da ƙarfin tsiya shi ke mayar da gocewa karaya.

Bayan ƙashi ya koma kuma, masu ɗaure hannu wata guda cur suna cutar mutane. A rataye shi a wuya mako biyu zuwa uku, sannan a fara motsi kaɗan-kaɗan. Dattijo in ya daɗe a ɗaure kafaɗar sandarewa take yi. Saurayi kuwa nasa sake gocewa yake yi, don haka ka hana shi dambe da ɗaukar buhu sai tsokokin nan huɗu sun yi ƙwari.