Penthouse ko attic: wanne ne ɗakin saman bene?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko penthouse da attic abu ɗaya ne, tunda duka a saman gida suke. Gaskiya ba ɗaya ba ne.

Attic ɗaki ne a ƙarƙashin rufi kai tsaye, samansa a karkace, idan ka matsa gefe sai ka sunkuya. A Ingila da Amurka nan ake jibge tsofaffin akwatuna, da can ma masu aikin gida ke kwana ciki.

Penthouse kuwa a can ƙololuwar gini yake. Asalinsa rumfa ce da ake jinginawa a bangon gida. A shekarun 1920 a birnin New York, bayan na'urar hawa bene ta sauƙaƙa hawa, attajirai suka fara kwaɗayin sama saboda iska da hangen gari, sai sunan ya koma na gidan alfarma. Injiniyoyi har gobe da shi suke kiran ɗakin injinan da ke bisa rufin bene.

Idan tallan haya za ka rubuta, don Allah kada ka kira ɗaki guda mai zafin kwano penthouse, mai haya zai ga ka yaudare shi.