Ƙafafuna Sun Hana Ni Barci: Ko Akwai Ganyen da Ke Maganinsu?

Tambaya: Likita, shekaruna 38, kuma kusan shekara biyu ke nan da zarar na kwanta da dare sai in ji kamar kiyashi na tafiya a cikin ƙwaurina, ba na samun sauƙi sai na tashi na yi ta zagaye a tsakar gida. Mahaifiyata ma haka take fama. An ce mini sanyi ne, an ba ni jiƙo. Me ke jawo shi, kuma akwai ganyen da ke maganinsa?

Amsa: Malama, abin da kika siffanta ya yi kama da larurar rashin natsuwar ƙafafu, wadda ake kira ciwon Willis-Ekbom, da sunan likitan Ingila Thomas Willis da ya fara bayyana ta a 1672, da Karl-Axel Ekbom na Suwidin da ya yi mata cikakken nazari a 1945. Ana gane ta da cewa tana tasowa lokacin hutu, ta tsananta da dare, motsi kuma ya lafar da ita.

Ko da yake a ƙafa kike jin abin, tushensa yana ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari mai suna dofamin da ke daidaita motsin jiki, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa shi yadda ya kamata sai da isasshen sinadarin ƙarfe, wato ayon. Shi ya sa larurar ta fi kama mata, musamman a watanni uku na ƙarshen ciki, da masu zubar da jinin al'ada mai yawa, da masu ciwon ƙoda. Batun mahaifiyarki ma ba abin mamaki ba ne, domin ana gadonta, kuma tun 2007 aka gano wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki.

Game da ganye kuwa, gaskiya ita ce babu wanda bincike ya tabbatar yana warkar da ita. An gwada saiwar baleriyan, wadda Turawa ke sha don barci, amma ba ta nuna fifiko a fili a kan ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ba. Zogale, alayyafo, wake da hanta suna da ayon, kuma ina ƙarfafa miki cin su tare da lemon zaƙi ko na tsami domin jiki ya fi tsotse ayon ɗin, sai dai abinci kaɗai ba ya saurin cike giɓin da ya yi zurfi. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba shi ne ya fi damuna, domin wasu haɗe-haɗen suna lahanta ƙoda, lalacewar ƙoda kuma ita kanta tana haddasa wannan ciwo.

Ki nemi a yi miki gwajin feritin, mai auna ajiyar ayon a jiki, domin gwajin yawan jini na iya fitowa lafiya alhali ajiyar ta ƙare. Idan sakamakon gwajin feritin ya gaza 75, likita kan rubuta ƙwayar ayon, amma kada ki sha da kanki, musamman idan kina da sikila ana yi miki ƙarin jini. Ki rage shayi, kofi da goro daga la'asar, ki kuma gaya wa likita idan kina shan Piriton ko maganin amai, domin suna ƙara tayar da ciwon.