Ina kwanaki goma na Oktoban 1582 suka shiga?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan karanta abubuwan da suka faru "a rana irin ta yau", sai na ci karo da maganar cewa babu abin da ya faru a ranar 10 ga Oktoba, 1582, wai don ranar ma ba ta zo ba. Ta yaya rana za ta ɓace?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Maganar gaskiya ce, amma a wasu ƙasashe kawai. A Sifaniya, Fotugal, Folan da yawancin Italiya, mutane sun kwanta daren Alhamis 4 ga Oktoba, 1582, suka wayi gari ranar Juma'a 15 ga wata. Rana ta fito ta faɗi yadda ta saba, jerin ranakun mako bai karye ba. Lambar kwanan wata aka tsallaka da ita gaba, don gyara wani kuskuren lissafi da ya daɗe yana taruwa.

Kuskuren ya samo asali ne daga kalandar Juliyas Kaisar, wadda ta fara aiki a Rum shekaru 45 kafin Miladiyya. Ita ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da awa 6, shi ya sa ake ƙara kwana ɗaya a Fabrairu duk bayan shekara huɗu. To amma tsawon zagayowar yanayin shekara bai cika haka ba, ya gaza da kimanin minti 11. Minti 11 ba ya ɗaga hankalin kowa a shekara guda, sai dai a duk shekara 128 yana haɗuwa ya zama kwana ɗaya cur. Sannu a hankali kalanda ta riƙa zamewa daga yanayi. A shekarar 325, lokacin taron shugabannin coci a birnin Nikiya, ranar da dare da yini ke daidaita tana wajen 21 ga Maris, kuma da ita ake lissafin bikin Ista. Zuwa ƙarni na 16 ta gangaro 11 ga Maris. Abin da ya dami cocin Katolika ke nan, har Fafaroma Giregori na 13 ya ba da umarnin gyara.

Gyaran hawa biyu ne, kuma a ganina na biyun ya fi ban sha'awa, ko da yake na farkon ake yawan ambato. An cire kwana goma don a dawo kan hanya. Sannan, don kada ɓarakar ta sake buɗewa, aka ce shekarar da ta cika ɗari ba za ta sami ƙarin kwana ba sai in 400 ta raba ta ba saura. Saboda haka 1600 da 2000 suna da 29 ga Fabrairu, amma 1700, 1800 da 1900 ba su da ita, haka kuma 2100 ba za ta samu ba. Wannan ƙaramar doka ce ke riƙe da kalandar Miladiyya har gobe.

Ba kowa ne ya bi nan take ba, domin umarni ne daga Rum, kuma ƙasashen da ba sa bin Fafaroma sun ja baya. Faransa ta sauya a Disambar 1582. Ingila da yankunan da take mulka sai a 1752, lokacin da giɓin ya kai kwana 11: daga Laraba 2 ga Satumba aka faɗa Alhamis 14. Rasha ta jira har 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu. Girka kuwa sai 1923.

Labarin Suwidin ya fi kowanne ban mamaki. Sun so su yi sauyin a hankali, ta hanyar daina ƙarin kwana na tsawon shekara arba'in daga 1700. Suka cire na 1700, yaƙi ya ɗauke hankalinsu, suka bar na 1704 da 1708 a wurinsu. Kalandarsu ta zama ba ta dace da tsohuwa ba, ba ta dace da sabuwa ba. Don su koma kan tsohuwar, a 1712 suka yi wa Fabrairu ƙarin kwana biyu, aka sami 30 ga Fabrairu ta gaske, wadda mutane suka rayu a cikinta. Sai a 1753 suka rungumi sabuwar.

Wannan ya shafi karatun da kake yi kai tsaye, don haka ka riƙa lura da wace kalanda aka rubuta kwanan wata. Juyin juya halin Rasha da ake kira na Oktoba ya faru ne 25 ga Oktoba, 1917 a tsohon lissafi, wanda ya yi daidai da 7 ga Nuwamba a sabon, kuma a watan Nuwamba Tarayyar Sobiyet ta riƙa yin bikinsa. An haifi George Washington, shugaban Amurka na farko, 11 ga Fabrairu a tsohuwar kalanda, amma 22 ga Fabrairu ake tunawa da haihuwarsa. Tsohon lissafin bai mutu ba ma: cocin Orthodox na Rasha da na Sabiya suna nan a kansa, shi ya sa Kirsimetinsu ke faɗowa 7 ga Janairu, tunda giɓin yanzu kwana 13 ne. Daga Maris na 2100 zai zama 14, sai bikin nasu ya koma 8 ga Janairu.